Shekarar da Muka Ɗaga Katakan Tsakar Gida

Ruwan Satumba ya sake kama Duwala, kuma kamar kowace shekara ya zo daidai da komawa makaranta. Daga barandar gidan da nake zaune yanzu a Makepe, da safe nakan ga 'yan mata ƙanana cikin rigunan ruwa masu launi, wasu a bayan babur ƙarƙashin doguwar lema, wasu a kujerar bayan tasi sun manna goshi a gilashi. Ba mai juyowa ya kalle su, domin ba abin kallo ba ne. Ni kuwa ina kallonsu. Na yi aikin koyarwa a makarantar firamare ta gwamnati da ke gefen unguwar Hausawa ta New Bell har na yi ritaya, ni ce kuma nake riƙe da rajistar aji ɗaya, saboda haka ina da hurumin faɗa cewa akwai shekarar da shafin 'yan mata ya kusa wucewa babu sunan 'yar unguwarmu ko ɗaya a cikinsa.

Shekarun nan ne da kowa a garin, ko wane yare yake yi, yake kira lakiriz, wato matsin tattalin arziki. An zaftare albashin ma'aikata, kamfanoni sun yi ta sallamar mutane, kuɗin hannu ya daina sayen abin da ya saba saye. A gidanmu tukunya ta koma hawa wuta sau ɗaya a yini, da la'asar, don ta riƙe mutum har washegari. Da safe sai koko tsararo, wanda ake iya hango gindin kofi ta cikinsa. Yayana Garba, wanda ya shekara da shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa, yana cikin waɗanda aka sallama. Bai zauna ba. Ya gina tukuba a bakin titi ya kama sana'ar tsire, wanda a Duwala ake ce wa soya, ya shiga layin mutanen da a da yake saye a wurinsu. Mu shida ne a gidan: mahaifiyarmu Inna, Yaya da matarsa Asabe, 'ya'yansu biyu Balaraba da ƙanenta Sani, sai ni da ban daɗe da fara aiki ba, ina kwana ɗaki ɗaya da Inna.

Wanda bai yi damina a New Bell ba, ba zai gane muhimmancin katako ba, don haka sai na yi bayani. Unguwar kwance take a fadama. Daga Yuli sama takan rufe, ta yi toka-toka, ta ƙi buɗewa. Ruwa yakan kwana ya wuni yana dukan kwanon rufi har mutum ya daina jin sa, sai in ya tsaya ne kunne yake lura. Wanki ba ya bushewa, yakan yi tsami a kan igiya. Takalmin da aka ajiye a ƙarƙashin gado yakan yi kore da fumfuna, gishiri ya narke a cikin kwalba, ashana ta ƙi kamawa. Kwatoci kan cika su haɗe da hanya, ruwan ya shigo tsakar gida baƙi ƙirin, da leda da ɓawon ayaba da abin da ba a ambata. Saboda haka kowane gida yana da katakan damina. Dogaye ne masu kauri, akan shimfiɗa su a kan duwatsu ko bulo daga ƙofar ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa makewayi, daga nan zuwa zaure. In rani ya zo a jingine su a bayan ɗaki. A kansu mace take wuni, ɗauke da tukunya ko goyo, kamar mai tafiya a kan gada. Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: katakan lungu da na hanyar masallaci na maza ne, su ke haɗa hannu su saya, amma na tsakar gida na mata ne. Da ribar ƙosai da ɗinkin hula da adashi ake sayen su ɗaya bayan ɗaya, uwa kuma takan bar wa 'yarta ko surukarta.

A wannan shekarar, ana saura 'yan makonni a buɗe makaranta, darakta, wato shugaban makarantar, ya tara mu malamai ya karanta mana sabon sharaɗi. Bencunan aji ɗaya sun ruɓe, gwamnati ba ta aiko da sababbi ba, ba ta kuma da niyya. Duk yaron da za a ɗauka, sai iyayensa sun kawo wurin zamansa. Benci ɗaya mai haɗe da tebur yana ɗaukar yara uku, don haka gida uku za su iya haɗuwa su kawo guda. Ba na zargin mutumin. Ya gaji, rigarsa ta koɗe a wuya kamar ta kowa, kuma ba zai iya zaunar da yara a ƙasan da ruwa ke kwanciya ba. Abin da nake zargi shi ne abin da ya biyo baya, wanda duk mai hankali ya san zai biyo.

Magidanta suka riƙa haɗuwa uku-uku a ƙofar masallaci bayan sallah. Kowa yana da ƙarfin kaso ɗaya ne kacal, kowa kuma ya sa ɗansa namiji. Ba wanda ya tashi ya ce kada mace ta yi karatu. Da an faɗi haka da na san da wa zan yi jayayya. Abin da ake faɗa shi ne a bari sai baɗi, in abubuwa sun yi sauƙi. Yaya ya haɗu da abokansa biyu ya sa Sani. Balaraba kuwa an riga an ce mata sai baɗi tun bara, kuma ni da ke riƙe da rajista na san abin da su ba su damu su sani ba: shekarunta sun kai iyaka. In ta rasa wannan ɗaukar, doka ba za ta bar ni in rubuta ta a aji ɗaya ba har abada. Yarinya ce da ta koyi haruffa daga gwangwanin madara, tana bin su da yatsa tana tambayata sunan kowanne.

Na yi wa Yaya magana a tukubarsa, cikin ladabi iyakar yadda zan iya. Ya saurare ni yana jera tsinke bai ɗago ba. Ya ce shi bai ƙi karatun Balaraba ba, amma Asabe na bukatar mai taya ta dakan ƙuli da yaji, kuma ba shi da kaso na biyu. Na ce zan nemo. A nan ne ya ɗago. Ya ce tun da aka sallame shi bai miƙa wa kowa hannu ba, kuma 'yarsa ba za ta zauna a kan bencin sadaka ba, ko da sadakar daga ƙanwarsa ta fito. Na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya da lemata da hujjojina a jere. Ko'ina an karɓe ni da mutunci, an shimfiɗa mini tabarma a kan gado saboda ƙasa ruwa ne, an ce Allah ya yi wa Malama albarka, an rako ni har zaure. Ban samo benci ko ɗaya ba.

Inna ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ba ta sa baki a duk wannan ba. Wata safiya ina shirin fita, tana tsaye a kan katakon da ya tashi daga ɗakinmu zuwa madafa, da buta a hannu, sai ta tambaye ni shi wannan benci da ya hana kowa barci da me ake yin sa. Na ce da katako. Ta dubi ƙarƙashin ƙafarta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ajiye butar, ta tattare zanenta zuwa gwiwa, ta sauka cikin ruwan nan mai sanyi, ta kama bakin katakon ta ce in kama ɗaya gefen.

Na ce mata damina ba ta ƙare ba, kuma gwiwoyinta ba sa son sanyi.

Ta ce, "Gwiwoyin nawa ne ko naki? Kama."

Kafin azahar mun ɗaga duk na gidanmu, Asabe na taya mu tana waiwayen zaure. A unguwarmu gidaje manne suke da juna, shingen kwano ne kawai a tsakani, kuma babu abin da zai faru a wannan tsakar gida ba a ji shi a waccan ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta saman shinge ta tambaya ko tashi za mu yi. Inna ta gaya mata. Matar tana da 'ya'ya mata biyu a gida. Ta sauka, can sai muka ga bakin katako yana tahowa ta saman shingen. Haka abin ya bi unguwa. Yawancin matan ba sa fita da rana, ba su kuma bukaci fita ba: katako yakan tashi daga gida ya haye shinge zuwa na gaba, ya sake hayewa, har ya iso namu. Na tsaya ina karɓa ina rubuta sunan mai shi da alli a jikinsa, domin ban yarda a yi aikin jama'a ba tare da an san na wane ne wane ba. Wasu katakan sun girme ni. Akwai wanda tsakiyarsa ta lotsa ta yi santsi saboda sawun ƙafar mata uku, kaka da uwa da 'ya.

Ba zan ɓoye abin da wannan ya jawo ba, don kada a ɗauka abu ne mai sauƙi. Makonnin da suka biyo baya matan unguwarmu a cikin ruwa suka yi su. Asabe ta ɗora murhu a kan rabin duro, tana girki ruwa na wanke mata idon sawu. Tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari, ya tsage, ana shafa man kaɗanya da toka ana sake shiga. Wata ta zame da tukunyar miya, abincin yinin gidan gaba ɗaya, sai maƙwabta ne suka miƙo musu ta shinge. Inna ta kama tari. Maza kuma suka riƙa isa masallaci da laka har ƙauri, suna sake alwala a bakin ƙofa suna gunaguni. Na ji an ce ƙanwar Garba, wannan metires ɗin, wato malamar makaranta, ita ta juya wa mata kai. Amma ba wanda ya iya cewa a mayar da katako, domin kowa ya san ba nasa ba ne.

Kafintan da muka samu wani dattijo ne daga unguwar Kasalafam, ana ce masa Baba Simon. Yana jin Hausar kasuwa, in ta ƙare masa ya koma Faransanci. Shi ma yana da jikoki mata biyu da ba su sami gurbi ba, sai muka daidaita cewa ladansa shi ne wurin zamansu. Ya zo ya ƙwanƙwasa katakan, ya girgiza kai. Ya ce sun sha ruwa har ciki, in ya haɗa su a haka za su kantare su tofar da ƙusa kafin a gama zangon farko. Sai sun bushe. Muka dubi sama gaba ɗayanmu. Rabonmu da ganin rana tun ba mu iya tunawa.

A nan dole in faɗi wani abu game da Inna da Yaya. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce: tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama su yi hira, ba ta yi masa magana kai tsaye sai dole. In tana son wani abu a wurinsa, takan faɗa wa wanda ke kusa, ko da yana tsaye a gabanta. A ranar da yamma ya shigo yana tsallen duwatsu, fuska a ɗaure, sai Inna ta dubi Balaraba, wadda take kira ƙawarta, ta ce, "Ƙawata, ki gaya wa mai tsiren can, wutar da yake hurawa tun hantsi zafinta sama yake tafiya a banza. Ga katako yana jin sanyi."

Yaya ya wuce ɗakinsa. Washegari ya kafa sanduna huɗu a kewayen tukubarsa, ya yi rumfa a sama, ya jera katakanmu a kai. Abokan sana'arsa suka yi ta yi masa tsiya, suna tambaya ko nama ya yi tsada ne har ya koma gasa itace, kuma da yaji ake ci ko da albasa. Ya ce umarnin tsohuwa ne, wanda uwarsa ba ta isa da shi ba ya ci gaba da dariya. To da yake kusan kowannensu akwai katakon matarsa ko na uwarsa a cikin tarin, kafin mako ya zagayo duk layin masu soya ya yi rumfuna. Wanda ya bi titin a kwanakin nan zai ga abin da bai taɓa gani ba: nama a ƙasa, katako a sama, tururi na tashi daga itace yana haɗuwa da hayaƙin kitse, ana juya tsire da hannun dama ana juya katako da na hagu. Katakan suka yi ja, suka yi sauƙi a hannu, suka kuma sha ƙamshin da bai taɓa barin su ba. Shekaru bayan haka, duk ranar da aka yi zafi aka rufe tagogi, ajina yakan yi ƙamshin tsire. A shekarun yunwa wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce ga yaron da ya karya da koko, kuma na sha ganin wani ya sunkuya ya shinshina tebur a tsakiyar darasi. Ban taɓa hukunta kowa a kan haka ba.

A zaurenmu aka yi haɗin. 'Yan matan da ake yi domin su suka zauna a jere suna miƙe tsofaffin ƙusoshi da dutse, Balaraba a cikinsu, duk da ta san ba a ce da ita ba. Da Baba Simon ya ɗauko zarto zai rage tsawon katakan zuwa ma'aunin makaranta, Inna ta dafa hannunsa. Ta ce ba a shiga ruwa don a zubar da guntaye ba, kada ya yanke ko taƙi ɗaya. Ya ce bencin zai yi tsawo fiye da ƙa'ida. Ta ce ita ba ta taɓa jin an yi kuka da wurin zama ya yi yawa ba. Na so in goyi bayan ƙa'ida, domin ni mai ƙa'ida ce, amma na bar ta. Haka aka fito da bencuna dogaye, masu nauyi, marasa kyan gani, kowanne yana ɗaukar yara biyar a sake. Sun fi duk na gwamnati ƙarko. Saboda sun zauna a makarantar, ƙannen waɗannan yara sun tarar da su, ba a sake cewa wata ta kawo wurin zama ba, kuma daga wannan shekarar shafin 'yan mata bai sake yin fari a hannuna ba. Cikin waɗanda suka fara zama a kansu akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar jikata, akwai kuma wadda yanzu take riƙe da ajin da na bari.

Duk da haka Yaya bai sauka daga maganarsa ba. Ya ce ya busar da katako ne don an umarce shi, amma bencin taron mata ne, taron mata kuma sadaka ce. Ranar buɗe makaranta ya kama hannun Sani ya kai shi, ya dawo ya ce Balaraba ta zauna ta taya uwarta daka.

An wayi gari da ruwa irin mai sauka a tsaye, babu iska. Muka ɗora bencunan a kan amalanken da ake ce wa pus-pus, aka lulluɓe da buhunan leda. Inda taya ta nutse, sai a sauke a ɗauka a ka. Tsofaffin unguwa, waɗanda shekaru suka ba su izinin fita, su suka rako, kowace ta riƙo jika ko 'yar maƙwabta. Inna na gaba da sandarta, tana tari, ba kowa a hannunta. A harabar makarantar iyaye sun cika maƙil, daga kowace unguwa, da yawa ba su da benci sun zo ne ko Allah zai sa a dace.

Darakta ya zagaya bencunanmu ya dafa su, ya shinshina hannunsa, ya dube ni, bai tambaya ba. Aka shigar da su, 'yan matan suka zauna, jikokin Baba Simon a cikinsu. Sai ga shi kowane benci da sauran wuri. Darakta ya ce alhamdu lillahi a nasa harshen, ya ce benci in ya shigo makaranta ya zama na makaranta, don haka duk gurbin da babu kowa a kai zai ba na farko a layi. Na leƙa layin. Iyaye maza ne suka ture kowa suka yi gaba, kowanne riƙe da ɗa namiji, mata masu 'ya'ya mata suna can baya a jikin katanga. Na gaya masa, da Faransancin da ya fi kowanne tsabta da na taɓa yi, cewa waɗanda suka biya wannan katako da ƙafafunsu sun yi ne domin 'yan mata, kuma rashin adalci ne a sake maimaita a cikin aji abin da aka yi a ƙofar masallaci. Ya ce ya fahimta, amma shi ba zai bar wuri a buɗe yara na tsaye a ruwa ba.

Inna ta tambaye ni me ya ce. Na fassara mata. Ta gyaɗa kai, ta jingine sandarta a bango, ta lallaɓa ta cusa kanta tsakanin tebur da benci a sahun gaba, gwiwoyinta na tokare da katako. Ta gyara mayafinta da ya jiƙe sharkaf ta ce, "Gaya masa nan akwai mutum."

Sauran tsofaffin suka dubi juna. Ɗaya bayan ɗaya suka shiga, da nishi da salati, har babu sauran gurbi. Ajin ya zama rabi yara rabi kakanni, wasu da goro a baki. Darakta ya tsaya yana kallonsu. Ba zai iya sa a ɗaga tsofaffi ba, ya sani, su ma sun sani. A ƙarshe ya ce ya ba mu zuwa ƙararrawar tashi. Duk wurin da ba a kawo yarinya ba a lokacin, ya koma hannunsa.

Aka fara da waɗanda ke jikin katanga. Tsohuwa takan leƙa ta taga ta nuna wata yarinya da baki, a shigo da ita, ta tashi ta ba ta wuri. Ba a tambayi yare ba, ba a tambayi addini ba. 'Yar mai gasa kifi ta shigo, 'yar mai wanki ta shigo. Aka aika gidajen unguwarmu da suka yi nauyin jiki, aka zo da wasu ba takalmi, wata ma da kumfar sabulu a hannu. Ni ina rubutawa, ina kare rajistar da gefen mayafina saboda rufin yana yoyo. Kafin hantsi ya yi nisa duk tsofaffin sun tashi, wasu sun koma barandar makaranta, wasu gida, sai Inna kaɗai.

An kawo mata yara har sau uku, ta ce wurin da mai shi. Dole na fara darasi mahaifiyata na zaune a sahun gaba. Na rubuta harafin farko a allo, yara suka maimaita, ita ma ta maimaita, ajin ya kwashe da dariya, ta ce su yi mata shiru karatu take yi. Ɗigon rufi yana sauka daidai kafaɗarta. Ina ganin leɓɓanta sun fara rawa, tarin na tasowa tana danne shi. Na sunkuya na roƙe ta ta tashi, na ce zan san yadda zan yi. Ta ce in kula da aikina. Darakta ya zo ya tsaya a ƙofa ya dubi agogonsa, ya tafi, ya sake dawowa.

Ban aika wa Yaya kowa ba, ban kuma bukaci aikawa ba. Tsofaffin da suka koma gida ta layin masu soya suka bi, kuma kowace ta tsaya ta yi masa barka, ta ce ashe bana uwarsa ya sa a makaranta, Allah ya ba ta fahimta. An ce abokansa har tambayarsa suka yi ko ya ɗinka mata kayan makaranta.

Ana saura kaɗan a buga ƙararrawa na hango shi ta taga. Ruwan harabar ya kai masa gwiwa, ya saɓo Balaraba a wuya, ta riƙe kansa da hannu biyu, garin ƙuli bai gama fita daga yatsunta ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗiga, bai shigo ba, bai kuma dubi sahun gaba ba. Ya ce da ni, a hankali, in gaya wa Inna ta tashi haka nan, sanyi zai yi mata illa.

Inna ta dubi allo ta ce, "Malama, ki gaya wa mai tsiren can, katakon da nake kai daga tsakar gidansa ya fito, wutarsa ce kuma ta busar da shi. In akwai sadaka a ciki, shi ya bayar."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya sauke Balaraba ya ɗan tura ta ciki da tafin hannu. Inna ta yunƙura za ta tashi, gwiwoyin suka ƙi. Sai da ya shigo da kansa, a gaban yaran nan duka, ya zaro ta daga tsakanin tebur da benci, ya durƙusa ya goya ta. Tana bisa bayansa ta miƙo hannu ta dafa kan yarinyar ta ce, "Na ɗuma miki wurin, ƙawata. Kada ki bari ya huce."

Suka fita cikin ruwan, ɗaya daga cikin tsofaffin na biye da su da sandar Inna. Na koma teburina na rubuta suna na ƙarshe a shafin, na busa tawadar har ta bushe. Ƙa'idar makaranta ita ce in an kira yaro ya miƙe ya amsa da Faransanci, kuma tun safe nake koya wa ajin kalmar. Na kira Balaraba Garba. Ta miƙe tsaye, ruwa na zuba daga gefen zanenta, ta ce, "Na'am, Goggo." Yara suka yi dariya suna jiran in gyara mata. A duk shekarun aikina ban taɓa barin kuskure ya wuce a ajina ba, amma wannan na bar shi, na sa mata alamar halarta.